Gajeriyar Jinya Ma Nemanta Ake Yi: Shawarwari Ga Magidanta

A wurin zaman makoki, da zarar an shafa Fatiha an ce Allah Ya jiƙan rai, tambayar da ke biyo baya kusan ɗaya ce a ko'ina: "Ya daɗe yana jinya?" In aka ce ai jiya ma da shi aka yi Magariba, sai ka ji ana cewa Allah Ya ba mu irin wannan cikawa. In kuwa aka ce shekara huɗu yana kwance, sai an tayar sai an kwantar, sai wuri ya ɗan yi tsit kafin wani ya ce Allah Ya sa kaffara ce. Mutuwa kam mun san tana tafe, mun kuma sallama. Abin da ke firgita mu shi ne doguwar kwanciyar da kan zo gabaninta: ciwo, gyambon baya, bawali a shimfiɗa, da ganin gajiya a fuskar 'ya'yan da ka haifa.

Ajali na Allah ne, ba mai ƙara masa minti ko ya rage. Amma kamar yadda sanin haka bai hana mu shan maganin zazzaɓi ba, haka nan akwai sababin da ake riƙo da shi don shekarun ƙarshe su zo da sauƙi, kuma mafi arha a ciki shi ne motsa jiki. A 1980 wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka, James Fries, ya kawo ra'ayin cewa ana iya matse shekarun rashin lafiya su koma 'yan kaɗan a ƙarshen rayuwa. Daga 1984 shi da abokan aikinsa suka shiga bibiyar mutum 538 da suka haura shekara 50 masu gudun motsa jiki, tare da wasu sa'o'insu da ba sa yi. A lokacin har ana cewa masu gudun za su ƙare da lalatattun gwiwoyi. Da aka fitar da sakamako a 2008, sai ga shi bayan shekara 19 kashi 34 cikin 100 na marasa gudun sun rasu, masu gudun kuwa kashi 15. Abin da ya fi jan hankalina ma ba wannan ba ne. Gazawa wajen hidimar kai, irin su wanka, sa tufa da tashi daga kujera, sai da ta yi jinkirin kusan shekara 16 kafin ta fara taɓa masu gudun. Gwiwoyin nasu kuma ba su fi na sauran lalacewa ba.

Ba wanda ya ce kowa ya sayi kambas ya kama gudu, kuma ba alkawari aka ɗaukar wa kowa ba, don akwai manomin da bai taɓa sanin zama ba amma ya shekara a kwance. Ga dai abin da gida zai iya yi, tun ana da lafiya har zuwa kwanakin ƙarshe.

1. Ku daina zaunar da tsoho da sunan ladabi.

Na sa wannan a gaba domin laifin na masu ƙauna ne. Inna ta ɗauki tsintsiya, suruka ta taso da sauri: "Haba Inna, kawo, ina nan za ki yi shara?" Baba ya miƙe zai tafi masallaci, a ce, "Baba, ka yi a gida mana, ko ka tsaya a fito da mota." Yaro ya kawo buta, ya kawo ruwan sha, ya juya takalmi. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba ɗan halak ɗin da ke son a ce ya bar uwarsa tana wahala. Sai dai tsoka ba ta san ladabi ba. Duk wadda aka daina sa wa aiki, zubewa take.

Tun daga wajen shekara 30 tsokar mutum ke raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Zama da kwanciya suna rura wannan. A 1966 a birnin Dalas na Amurka aka kwantar da samari 5 'yan shekara 20 a gado na mako 3, lafiyarsu lau, don a ga abin da kwanciya kaɗai ke yi. Bayan shekara 30 aka sake kiran su aka auna, sai aka tarar makonnin nan 3 sun fi rage musu ƙarfin zuciya da numfashi a kan shekara 30 ɗin da suka ƙara. Wani gwajin na 2007 a kan dattawa masu lafiya ya nuna kwana 10 a gado ya cinye musu kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Saurayi yakan mayar da abin da ya rasa. Tsoho sau da yawa ba ya mayarwa.

Don haka ku bar wa Inna shararta in tana so, ku bar mata tsintar wake, ɓarar gyaɗa, ba awaki dusa, da leƙa maƙwabta. In Baba zai je masallaci, a haɗa shi da jika su taka tare. Tsohuwar ƙauye da ke ɗauko itace daga daji tana da shekara 70 kuwa, wannan magana ba da ita ake ba. Ita hutu da abinci mai kyau take bukata.

2. Ku san adadin da ake bukata, ba shi da yawa.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Mafi ƙaranci ke nan rabin awa sau 5. Matsakaici shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan hau, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Takun ƙasaita na zuwa majalisa bai kai ba. Kuma ba dole sai a tashi ɗaya ba: minti 10 bayan Asuba, 10 bayan La'asar, 10 bayan Isha'i, an gama.

Wanda ya ga rabin awa ta yi masa yawa ya fara da rabinta. Wani babban bincike a Taiwan da ya fito a 2011, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 400,000, ya gano masu motsa jiki na minti 15 kacal a rana sun fi waɗanda ba sa yi ko kaɗan tsawon kwana da kusan shekara 3. Batun taku 10,000 da wayoyi ke damun mutane da shi kuwa, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965. Ga wanda ya haura 60, bincike na baya-bayan nan ya nuna taku 6,000 zuwa 8,000 ya kwashi mafi yawan amfanin.

3. Ku nemo motsin a cikin hidimarku ta yau da kullum.

A 1953 likita Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas mai bene a Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya, amma direba na zaune yini guda, kwandasta na hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi kashe su farat ɗaya. Daga nan likitoci suka fara ɗaukar zama a matsayin abin da ke cutarwa.

Direban nan yana nan birjik a cikinmu: ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zama a kan dila daga hantsi zuwa yamma, yara na miƙo masa komai, tela, mai shago, ma'aikacin ofis, da shi kansa ɗan Adaidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, mai ƙafa uku ya maye gurbi, har ta kai tafiyar minti 10 ma sai mutum ya tsaya ya tare. A sauka tun kafin a iso, a ƙarasa da ƙafa. In masallacin Juma'a ko gidan ɗan'uwa a cikin unguwa yake, a bar mota ta huta. A shago ko ofis a riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko awa guda, ko da tsayuwa ce ana amsa waya. Zumunci, duba mara lafiya da rakiyar gawa duk tafiya ce, ga lada ga lafiya.

4. A yi wa mata tanadi na musamman.

Kakanninmu mata ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, amma sun san daka, surfe, niƙa a dutse da jan guga. Injin niƙa da 'yan garuwa da 'yar aiki sun ɗauke wannan, kuma alhamdu lillahi, ba wanda ke roƙon a koma. Sai dai ba a sa komai a gurbinsa ba. Matar birni takan wuni tsakanin falo da kicin, in za ta fita kuma a ƙofar gida za ta hau abin hawa. Ga shi bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yakan yi saurin yin rauni fiye da na namiji.

Tsakar gida ta isa. A kewaya ta da saurin ƙafa na minti 15 da hantsi, a sha rana kaɗan, domin da hasken rana jiki ke haɗa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Masu ƙarancin shekaru su yi tsallen igiya. Maƙwabta su haɗu su tafi Islamiyya da ƙafa. Maigidan da ke ganin abin a matsayin rashin kamun kai ya tuna cewa ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta farko ta wuce shi, daga baya shi ma ya wuce ta.

5. Ku kula da cinya da hannu, a nan sutura take.

Ranar da mutum ya kasa tashi da kansa daga tsuguno a banɗaki, ranar ce wani zai fara shiga da shi. Duk wanda ya yi jinyar uba ko uwa ya san nauyin wannan rana a zuciyar tsoho. Abin da ke jinkirta ta shi ne ƙarfin cinya, kuma tafiya kaɗai ba ta wadatar da shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da cewa a yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Ba a bukatar ƙarfe. A samu kujera mai ƙwari a jingina ta da bango, a zauna a tashi sau 10, in da hali ba tare da dafa hannu ba, a huta, a sake. Wanda ya kasa ya dafa, da sannu zai daina. A dafa bango da hannu biyu a kai ƙirji kusa a tura baya sau 10. A cika jarka da ruwa lita 2 zuwa 5 a kewaya gida da ita, a sauya hannu. A riƙe bayan kujera a ɗaga dugadugai a sauke. Kada a riƙe numfashi ana yi, musamman mai hawan jini.

Ƙarfin damƙa ma ba abin rainawa ba ne. A wani bincike na 2015 da ya haɗa mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu ta zo tare da ƙaruwar haɗarin mutuwa da kashi 16 cikin 100. Hannun manuni ne na ƙarfin jiki gaba ɗaya.

Wani zai ce ai salla ma motsa jiki ce. Ruku'u da sujada suna taimaka wa gaɓoɓi, gaskiya ne, kuma zamanmu na tabarma yana sa mu tashi daga ƙasa sau da yawa a yini, abin da ya kamata mu riƙe. Amma salla ibada ce, ba ta cike gurbin abin da aka lissafa a sama. Shari'a ta ba mai lalura damar yi a zaune. Wanda ciwon gwiwarsa bai kai can ba, ya ga likita tukuna kafin ya koma kujera dindindin.

6. Ku gyara gida saboda faɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar kwatangwalo ita ce babbar musiba: kusan ɗaya cikin 4 ko 5 na tsofaffin da ta sama ba sa cika shekara, da yawa daga sauran kuma ba sa komawa tafiya kamar da. Doguwar kwanciya sau da yawa daga santsin banɗaki take farawa, da asuba, wajen alwala.

A kankare gansakuka a banɗaki da bakin makwarara. In tayil ne mai sulɓi, a shimfiɗa roba. A kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, a ajiye kujerar wanka. A rage tsayin dokin ƙofa, a kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe da wayar caji da ke ratsa ɗaki. A ajiye tocila a gefen matashi. A jefar da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye. A kai tsoho a duba masa ido, don aikin yanar ido ba ya ɗaukar lokaci. Sanda kuma ba abin kunya ba ce. Ga wanda ya kai 65, a ƙara da koyon tsayuwa daidai kwana 3 a mako: a dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10 zuwa 20, a sauya.

In tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafar ta gajarce ta karkace waje, a nufi asibiti a ɗauki hoto, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wanda ya fi kusa. Maɗori na da inda ya iya, amma wannan ƙashin yana can ciki, kara da tsumma ba sa kai masa.

7. A auna kafin a fara, a kuma san lokacin tsayawa.

Duk wanda ya haura 40 ya auna jini da suga. In awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko sama, a ga likita. Motsi yana rage hawan jini amma ba ya maye gurbin magani. Ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, duhun ido, ko sarƙewar numfashin da ba a saba ba, a tsaya nan take a nemi asibiti. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafafunsa bayan ya dawo, ya riƙe dabino a aljihu. A zafin Maris zuwa Mayu a fita da sassafe ko gab da Magariba, a sha ruwa. A ƙurar hunturu mai asma ya yi nasa a cikin gida. Da azumi a bari sai bayan buɗa-baki.

8. Maniyyaci ya fara shiri da ƙafa.

Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi da zuwa jifa. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, zafi ya haura digiri 51. In kun biya wa Baba ko Hajiya kujera, ku haɗa da tafiyar kullum wata 3 kafin tashi.

9. Koko da tuwo kaɗai ba sa gina tsoka.

Tsoho kan rage ci, haƙora kuma su hana shi nama. A tabbata kullum akwai ɗaya daga cikin wake, alala, ƙosai, awara, ƙwai, kindirmo, kifi ko miyar gyaɗa. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita adadin da ya dace da shi.

10. Bayan ciwo, a tashi da wuri.

Mun saba cewa mara lafiya ya kwanta sai ya warke sarai. A asibiti ku tambayi likita kai tsaye: "Yaushe zai fara zama? Yaushe zai fara takawa?" Yau bayan yawancin tiyata, washegari ake tayar da mutum. Shanyewar ɓarin jiki ce ta fi bukatar wannan. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. A yi addu'a a cikin mota a kan hanyar asibiti, kada a kwana ana hayaƙi. Bayan an sallamo shi, watannin farko ne jiki ya fi karɓar gyara, saboda haka a nemi likitocin gashi tun da wuri, su koya wa mutum biyu a gidan abin da za su riƙa yi kullum. A bar shi ya ci abinci da kansa ko da zai zubar. Masu ciwon daji ma, 'yar tafiya gwargwadon hali tana rage musu kasalar da magani ke jawowa.

11. In ya kasa motsa kansa, ku motsa shi.

A nan motsin ya koma wuyan iyali. A juya mara lafiya duk bayan awa 2: dama, baya, hagu. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugai daga katifa. Kullum a duba ƙasan baya, kwatangwalo, diddige da allon kafaɗa. Wurin da ya sauya launi, ya yi zafi ko tauri, gyambo ne ke shirin fitowa. A ɗauke masa nauyi, kada a murza. A riƙa sauya shimfiɗa in ta jiƙe, a miƙar da zanin gado. Sau 2 a rana a lanƙwasa a miƙe kafaɗa, gwiwar hannu, yatsu, gwiwa da idon sawu a hankali, don gaɓar da ta ƙage tana ciwo, tana kuma wahalar da wanka. Kada a ba shi abinci ko ruwa yana kwance. A jingina shi ya zauna, in ba haka ba zai ƙware, abin ya gangara huhu ya zama nimoniya. In hali ya yi, a fito da shi tsakar gida ya ga mutane.

Sai magana ɗaya da ba a cika son ji ba. A gidaje da yawa jinyar nan kan mace ɗaya take faɗawa, mata ko 'ya ko suruka, sauran kuwa su zo su ce "ya mai jiki?" su ajiye lemo su tafi. A raba kwana. 'Ya'ya maza su karɓi wankan mahaifinsu da ɗaga shi. A ɗaga mutum biyu-biyu da zanin gado, a lanƙwasa gwiwa, kada mai jinya ita ma ta kwanta.

12. Ku nemi maganin ciwo, ba gazawar imani ba ce.

Akwai ciwon da ba ya warkewa, amma kaɗan ne wanda ba a iya sassauta raɗaɗinsa. Wannan fanni ne guda a likitanci. Cicely Saunders ce ta kafa shi a sigarsa ta zamani da ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a Landan a 1967. A Afirka, likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta buɗe irinsa a Kamfala ta Yuganda a 1993, ta kawo mofin na ruwa, maganin raɗaɗi mai arha da ake sha a gida. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen kulawar sassauci a 2007. In kuna babban asibiti, ku tambaya ko suna da irin wannan sashe ko likitan da ke kula da raɗaɗi.

Na san abin da ke sa mutane ɗari-ɗari. Mun ga ɓarnar tiramol da kodin a unguwanninmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma saurayin da ke sha don maye daban, dattijuwar da ciwon daji ya ci ƙashinta daban. Mofin da likita ya auna, aka sha a kan lokaci, ba ya gaggauta ajali. A ba da shi bisa agogo yadda aka rubuta, kada a jira sai ta fara nishi. Yana kawo taurin bayan gida, don haka a karɓo maganin wannan tare. Abin gudu shi ne haɗin kemis na ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ana ɗura wa tsoho wata da watanni. Su ke jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda.

Neman sassauci kuma ba miƙa wuya ba ne. A wani gwaji a Boston a 2010, masu ciwon dajin huhu da ya yi nisa, waɗanda aka haɗa musu da kulawar sassauci tun farko, sun fi samun natsuwa, kuma sun rayu kusan wata 11 da rabi, sauran kuwa kusan wata 9. Wanda ciwo ya sake shi ne ke iya salla da zikiri da yin bankwana da iyalinsa cikin hayyacinsa.

13. A yi magana tun bakin na motsi.

Mukan ɓoye wa mara lafiya gaskiya don kada hankalinsa ya tashi, alhali sau da yawa ya riga mu sani, shi ma shiru yake yi don kada namu ya tashi. Babba a gidan ya keɓe da shi ya tambaya a hankali: "Baba, akwai wanda ke bin ka, ko wanda kake bi? Akwai ajiyar wani a hannunka? Akwai wanda kake son a kira maka?" A rubuta, a sa shaidu. Bashi ake fara biya kafin gado, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji.

Likita ma a tambaye shi ba kwana-kwana: wannan magani warkarwa zai yi, ko ƙarin lokaci, ko sassauci? An sha sayar da gona da gida a ɗauki mutum zuwa Indiya ko Masar a matakin da ba abin da ya rage, ya cika a hannun baƙi, marayu su tashi ba komai. Wani lokacin tafiyar tana da amfani. A dai tambaya, a kuma ji ta bakin mai jikin, ko asibiti yake so ko ɗakinsa.

14. Ku san alamun kwanakin ƙarshe.

Ci da sha za su ragu, barci ya yawaita, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da kakari a maƙogwaro. Kada a yi masa ɗure. Jiki ne ya daina karɓa, kuma ɗuren ƙwarewa yake jawowa. A jiƙa leɓɓa da bakinsa da auduga mai ruwa, a kwantar da shi a gefe, a ɗan ɗaga kai, a bar iska ta shiga. A rage cinkoso, a fitar da gardamar gado da koke-koke waje, domin mai yiwuwa yana ji ko da ba ya amsawa. A ambaci kalmar shahada a kusa da shi a hankali, ba da umarni ko takura ba. In ya faɗa a ƙyale shi. Iyalan Kirista su kira fastonsu tun yana gane mutane.

In ya kasa haɗiye maganin ciwo, kada a ce shi ke nan, akwai wasu hanyoyin ba da shi ban da baki. Ku karɓi lambar wayar nas ko likitan da za ku kira tun kafin a sallamo ku daga asibiti, ku rubuta ta a inda kowa a gidan zai gani.